Daga Fadamar Haɗeja Zuwa Ramukan Kuza: Yadda Ake Yawo da Karnuka a Tsohuwar Mahaƙa

Mutumin Haɗeja ba a koya masa ruwa. Tun yana yaro ya san inda kogi ke cin gaɓa, ya san laka mai riƙe ƙafa da wadda ke sakinta, ya kuma san cewa idan ambaliya ta janye daga fadamun Auyo da Guri da Kirikasamma takan bar tafkuna masu faɗi, waɗanda mutum zai yi ta tafiya a cikinsu ruwa bai wuce gwiwarsa ba. Karensa ma a haka ya tashi. Wannan sanin shi ne ke zame musu haɗari ranar da suka taka ƙasar kuza, domin a can ruwa da ƙasa ba sa bin ƙa'idar da aka saba da ita a gida.

Babu tsohuwar mahaƙar kamfani a ƙasar Haɗeja. Ƙasarmu jigawa ce da laka, dutse ma sai an sayo. Amma ruwan da ke raya fadamar daga ƙasar ma'adinai yake gangarowa. Kogin Kano, wanda ke gamuwa da na Challawa su zama kogin Haɗeja, yana tasowa ne daga duwatsun kudancin jihar Kano, wajajen Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa. Kogin Jama'are kuwa, wanda ke tarar da namu a can ƙasa wajen Gashuwa, kansa yana tsaunukan Jos, inda rafin Dilimi ke ratsa gari. Duk biyun ƙasar kuza ce. Wanda ya bi ruwansa ya hau tudu, a bakin ramukan da Turawa suka bari zai tsinci kansa, kuma wuri ne da ya cancanci a je a gani da ƙafa.

Sai ka san yadda aka yanka ƙasar kafin ka iya karanta ta. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai ke narka kuza, suna zuba ta siraran sanduna masu kaurin tsinke, fatake na kai ta kasuwanni. Waɗannan sandunan ne suka ja hankalin Kamfanin Neja, ya turo masu bincike tsakanin 1902 da 1904, har Bature Laws ya kafa sansani a Naraguta. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos, ya yi aiki har 1957. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar madogararta ta kuza, sai aka shiga ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, har zuwa 1944. A 1943 an fitar da fiye da tan 17,000, ba a taɓa kai haka ba kafin nan ko bayan nan, kuma mutane da yawa sun mutu da sanyi da yunwa da cuta a barikokin. Bayan haka wani ma'adinin, kwalambayit, ya yi tashe a shekarun 1950, sannan farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a watan Oktoba na 1985, manyan kamfanoni suka watse suka bar ƙasar a yadda suka tona ta.

Yadda suka tona ta ɗin shi ne abin da ya shafe ka. Kuzar Jos a cikin tsohuwar tsakuwar rafi take, a binne ƙarƙashin ƙasa mai kauri. Sai manyan injuna su yaye ƙasar saman su tara ta gefe, a bi tsakuwar da ruwa mai ƙarfi a zuƙo ta, a wanke a tace. Abin da ya rage iri huɗu ne: tuddan jar ƙasa masu tsini, ramukan da suka cika da ruwa waɗanda mutanen wurin ke ce wa dam, filayen laka inda aka zubar da ruwan wanki, da tsibin baƙin yashi a inda aka tace. Na biyar ya zo daga baya, kuma ya fi duk sauran cin kare: loto. Rami ne ƙunci da ƙananan mahaƙa ke yi da hannu, su nutsa har su tarar da tsakuwar kuza, sannan su bi ta a kwance ta ƙarƙashin ƙasa. Idan ta ƙare sai su tashi su bar bakin a buɗe, ciyawa ta rufe shi a damina ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin kare yana farawa ne da wata guda aƙalla. Abu na farko allurar rigakafin haukan kare; ana yi wa kwikwiyo daga wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Ka je asibitin dabbobi a yi masa makonni kafin tafiyar, ka karɓi takardar shaida ka sa a aljihu, don ita ce za ta raba ka da rigima idan ya kai wa wani cizo a garin mutane. A nan kuma za a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana Vom, kusa da Bukuru, saboda haka idan wani abu ya taso a can ba ka yi nisa da masana ba.

Abu na biyu shi ne tafin ƙafa, kuma shi ne aka fi mantawa. Karen da ya girma a kan rairayi da laka tafinsa laushi gare shi. Tsakuwar dutse da fasassun ƙarafa da kututturen ciyawar da aka ƙona za su tsage shi cikin wuni ɗaya, ka wayi gari da kare mai ɗingishi a wurin da ba mota. Ka riƙa fitar da shi kan hanyar burji da sassafe, kaɗan-kaɗan kana ƙarawa, da dare ka shafa masa man kaɗanya. A cikin makonnin nan ne kuma za ka gwada shi da kira. Karen da ba ya dawowa da fito ɗaya idan ya ga zomo, ka bar shi a gida. Wannan ba abin sassauci ba ne. A fadama idan ya ƙi jin kira, iyakarta ka jira shi a gindin kuka. A ƙasar loto ba lallai ne a sami wanda za a jira ba.

Igiya kada ta zama ta wuya kaɗai. Ka yi masa ɗamara wadda ta zagaye ƙirji ta bi bayan ƙafafun gaba, ka ɗaura igiyar a gadon baya. Dalili kuwa, idan ƙasa ta zame da shi ya rataya, igiyar wuya shaƙe shi za ta yi kafin ka jawo shi, ta ƙirji kuwa ɗaga shi za ta yi. Igiyar tafiya gaba biyu zuwa uku ta isa. Ka riƙe wata doguwa mai ƙarfi, kamar gaba goma sha biyar, a naɗe cikin jaka. Ka rataya masa ƙaramar ƙararrawa don ka riƙa jin inda yake cikin ciyawa. Sauran kayan ba su da yawa: gora doguwa ta dogarawa da zungura, tocila, tsumma mai tsabta da bandeji, sabulu, ruwa mai yawa naka da nasu, da kwanonsu daban wanda ba a haɗa shi da na mutane. Mutum ɗaya kada ya riƙe fiye da kare biyu, kuma kada ya tafi shi kaɗai.

Bindiga, adda mai tsawo, layun farauta da ƙaho, duk ka ajiye su a gida. Yawo za ka, ba farauta ba, kuma ya kamata duk wanda ya hango ka daga nesa ya gane haka. Babu wanda ya manta abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta goma sha shida 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa gida. Ƙauyukan Barikin Ladi da Riyom da Bokkos sun sha fama da tashin hankali, mutanensu a tsorace suke da baƙuwar fuska, kuma suna da dalili. Hanyar Kano zuwa Jos ta Tudun Wada da Doguwa da Saminaka tana ratsa dajin Falgore. Ka bi ta da rana, kada ka sauke karnuka a ciki, don gandun namun daji ne na gwamnati. Ta ɓangaren Bauci kuwa za ka shigo ta Toro da Tilden Fulani. Ko ta ina ka bi, ka tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar, ba labarin makon jiya ba. Yawancinsu ba sa ɗaukar kare cikin fasinja, sai dai shata. Kada ka cika masa ciki kafin mota, kada ka kulle shi a but, ka riƙa tsayawa bayan kowace sa'a biyu ya sha ruwa.

Lokaci mafi kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe ta kwanta, bakin ramuka ya bayyana. Damina ba lokacin wannan yawo ba ce: gaɓa na zaftarewa, ciyawa ta fi mutum tsawo, ga tsawa a kan tudu. Sai dai ka shirya wa sanyi. Jos ta haura mita 1,200 a kan teku, a wasu dararen hunturu sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 10, karen Haɗeja kuwa gashinsa gajere ne. Ka shimfiɗa masa buhu inda iska ba ta bugawa.

Wanda bai taɓa zuwa ba, ya fara da wajajen Rayfield da Bukuru, inda tuddai da dam ke kusa da titi da mutane. Bisichi da Dorowa da Gindin Akwati sun fi nuna yadda rayuwar bariki ta kasance, kuma akwai Hausawa jikokin leburorin farko da za su ba ka labari har ka gaji. Riruwai daban take. A can kuzar cikin dutse take, an bi ta da rami mai zurfi da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, aikin kamfani ya tsaya aka bar gine-gine da ƙarafa. A ganina ta fi ko'ina kyan gani, ga duwatsu ga rafuka, amma ba wurin koyo ba ce.

Ko ina ka zaɓa, ƙofar shiga ita ce gidan mai unguwa ko dagaci. Ka ɗaure karnuka a nesa da zaure, ka yi sallama, ka faɗi abin da ke tafe da kai ba kwana-kwana: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Haɗeja. Mun zo ganin tsofaffin ramukan kuza, ba farauta muka zo ba. Muna roƙon a haɗa mu da wanda ya san wurin." Ka biya ɗan jagoran da aka ba ka da kyau. Shi ya san loton da ya rufta bara, ya san gonar da mai ita ba ya son a ratsa, ya san kurmi ko dutsen da mutanen gari ke girmamawa ba a shiga. A ƙauyukan Birom da Anaguta da Afizere ma haka za ka yi, Hausa na isar da saƙo ko'ina.

To, an shiga fili. Ɗan jagora a gaba, kai a bayansa, kare a gefenka ba a gabanka ba, igiya a gajarce. Ka bi sawun da ƙafar mutane ko ta shanu ta riga ta daddale. Duk tudun jar ƙasa da ka gani, akwai ramin da aka ciro shi a kusa, kuma sau da yawa yana bayan tudun inda ido ba ya kaiwa. Kada ka bar kare ya haura da gudu ya gangara ɗaya gefen. Ƙaramin zoben farar ƙasa ko mai ruwan ɗorawa a tsakiyar fili, bakin loto ne. Kumburin ciyawa kore shar a tsakiyar busasshiya, danshi ne, danshi kuwa rami ne har sai gorarka ta tabbatar ba haka ba. Idan ka ga loto ɗaya, ka ɗauka akwai goma a kewaye, ƙasar da ke tsakaninsu kuma tana iya zama rufin kogo. Inda ƙasa ta lotsa ko ta tsage a zagaye, ka koma ta inda ka fito. Filin laka mai fari-fari wanda ya daddare a sama, ba bishiya a kansa, wannan kai ka fi kowa saninsa: ɓawo ne a kan taɓo.

Dam shi ne inda ɗan fadama ya fi ruɗuwa, don haka bari in daɗe a kansa. Tafkin kuza rijiya ce da aka faɗaɗa bakinta. Ba ya farawa daga idon sawu ya tafi gwiwa ya tafi ƙugu. Taku ɗaya daga gaɓa ƙasa ta ƙare, wasu kuma zurfinsu ya haura gaba goma. Ruwan saman da ɗumi, na ƙasan sanyi ƙarara mai ɗaure jijiya. Kare ya iya iyo, ba nan matsalar take ba. Matsalar fitowa ce. Gaɓar a tsaye take, yumɓu ne mai santsi, sai ya yi ta karta yana zamewa a wuri ɗaya har ƙarfinsa ya ƙare, alhali mafita tana can gefe bai gan ta ba. Saboda haka kafin ka kusanci kowane dam, ka zagaya da ido ka nemo mashayarsa, wato inda shanu ke sauka ko inda masu lambu suka girke injin ban-ruwa. Ka riƙe wurin a ranka. Idan kare ya faɗa, kada ka tsaya a saman inda yake kana kiransa, don nan zai nace. Ka ruga mashaya ka kira shi daga can, zai juyo ya biyo muryarka. Idan ya gaza, ka jefa doguwar igiya da maɗauki ka kamo ɗamarar. Kada ka faɗa ruwan, komai iya iyonka a kogin Haɗeja. Ana rasa yara da manya a dam ɗin nan, yawancinsu kuwa masu ganin sun iya ruwa ne.

Shan ruwan ma ka hana shi. Masu lambun kabeji da karas da dankalin Turawa suna wanke kayan feshi a bakinsa, wanda kuma ya yi kore-kore da kumfa a sama yana iya kashe kare cikin sa'o'i. Ka ba shi na jarka kafin ƙishirwa ta sa ya fizge.

Baƙin yashin da ke tsibe a tsofaffin wuraren tacewa yana da sheƙi, yara na son wasa da shi, karnuka na son tona shi don taushinsa. A cikinsa akwai ma'adanai irin su monazayit da ke fitar da tururin nukiliya kaɗan-kaɗan. Wucewa ta gefensa ba ta kashe kowa, amma ba wurin hutawa ko cin abinci ba ne, kada kare ya yi birgima a ciki, kada kuma ka ɗebo a leda wai tsaraba.

Kangon ofisoshi da ɗakunan injin da manyan bututu sun fi komai jan ido, su ne kuma gidan maciji da zuma. Ka leƙa da tocila daga waje, ka bubbuga da gora, kare na bayanka. Ramin da ya shiga cikin dutse, irin na Riruwai, ba a shigarsa ko taku biyar: katakon da ke tokare da shi ya ruɓe, ƙasansa na iya zama ruwa, iskarsa na iya kayar da mutum ba tare da wari ba. Idan zuma ta taso, ka saki igiyar nan take. Karen da ke ɗaure ba ya iya tsira da kansa. Gonakin mutanen tudu kuma da shingen ƙerana ake kewaye su, farin ruwanta na ƙona ido, kada ka bar kare ya kutsa ta ciki. In ya shiga idonsa, ko gamsheƙa ta yi masa tofi, ka yi ta zuba ruwa mai tsabta har jarka ta kusa ƙarewa, sannan a nemi likita. Saran kububuwa ko kasa kuwa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. Ka ɗauke shi a kafaɗa don kada ya motsa, a nufi asibitin dabbobi. In mutum ne, a nufi babban asibiti mai allurar dafin maciji ba tare da tsayawa gwaje-gwajen gida ba.

Idan abin da ake gudu ya faru, kare ya faɗa loto, ka fara ɗaure sauran karnukan nesa. Ka kwanta rubda-ciki ka matso bakin ramin, don nauyinka ya bazu, ka haska. Kada ka sauka. Ka aiki ɗan jagora ya kira 'yan kuza; su ke da igiya da abin naɗe ta, su suka san ramin da ke ɗaukar mutum da wanda ba ya ɗauka. Idan suka ce ba ya shiguwa, ka karɓi maganarsu, ku gwada zura buhu ko kwando da ɗan nama a ciki.

Mutanen da za ka tarar a fili aikinsu suke yi. Mata masu wanke kuza a rafi da samari masu jan guga a bakin loto, ka gaishe su da sannu da aiki, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hotonsu sai sun yarda. In ka hangi garke, ka ja gefe ka gajarta igiya ka jira ya wuce, don saniya mai ɗan maraƙi ba ta tambayar ko karen na waye. Da dare kuma karenka ya kwana a ɗaure kusa da kai. A jihar Filato kare kuɗi ne, akwai babbar kasuwarsa a Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke, wanda ya ɓace da wuya ya dawo.

Wani abu da zai iya faruwa, ko da ba kullum ba: a cikin aikin kuza ne aka fara tono gumakan yumɓun nan na Nok a 1928, waɗanda suka haura shekara dubu biyu, kuma saboda irinsu aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Idan kare ya tono maka gutsuren tukwane mai siffar fuska ko hannu, ka bar shi a inda yake, ka sanar da mai unguwa da ma'aikatan gidan tarihin. Fitar da irin wannan kaya laifi ne a doka. Gidan tarihin kansa ya cancanci awa biyu, akwai tsofaffin kawunan ƙaramin jirgin ƙasan nan na Zariya zuwa Jos a harabarsa, sai dai ka bar karnuka a masauki.

Ka fita da hantsi ka dawo kafin la'asar sakaliya. Sa'a uku zuwa huɗu ta ishi karen da bai saba da hawa ba. Da kun iso masauki, tun da sauran haske, ka duba tafin kowace ƙafa da tsakanin yatsu, ka cire ƙaya da tsakuwa, ka wanke yanka da ruwan gishiri. Ka bi kunnuwa da wuya da hammata da gindin wutsiya ka cire kaska, ka kama ta daga kai ka ja a hankali ba tare da murɗawa ba. Ka wanke masa jiki don ƙurar wurin ta fita. Bayan kun koma Haɗeja ka sa masa ido har mako uku. Idan ya daina cin abinci, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi fari ko fitsarinsa ya yi ja, zazzaɓin kaska ne ake zargi. Ka kai shi asibitin dabbobi a ranar, ka gaya wa likita inda kuka je da ranar da kuka dawo.